Yaran ƙauye da neman ilimi a finafinan Assam: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san fim ɗin Indiya, tun daga zamanin silima har zuwa zamanin fassara a waya. Sai dai Indiya faɗi gare ta, kuma abin da yake isowa gare mu ɗan tsakure ne. A can arewa maso gabashin ƙasar akwai wata jiha da ta daɗe tana yin finafinai cikin harshenta, kuma da yawa daga cikin mafiya kyawunsu a kan yaron ƙauye suke, da yadda yake fama kafin ya kai ga allo da littafi. Ga tambayoyin da mai son sanin wannan fage zai iya yi.

Ina ne Assam, kuma wane harshe ake yi a can?

Assam jiha ce a arewa maso gabashin Indiya, tana iyaka da ƙasashen Butan da Bangaladash. Wani siririn yanki ne kawai ya haɗa wannan shiyya da sauran Indiya. Babban birninta Guwahati, kuma mazaunin gwamnati yana Dispur, a cikin birnin. Kogin Brahmaputra ya ratsa jihar daga gabas zuwa yamma, shi ne abincinta, shi ne kuma tashin hankalinta. Ƙidayar 2011 ta nuna mutanen jihar sun haura miliyan 31. Kusan rabin ganyen shayin da Indiya take nomawa daga nan yake fitowa.

Harshen da ya fi rinjaye shi ne Asamiya, wanda kimanin mutum miliyan 15 suka tashi da shi a baki. Akwai kuma Bengali da Bodo da Mising da Karbi da Rabha da wasunsu. Idan ka ga harafin X a sunan wani fim, kamar Xagoroloi, sautinsa ya yi kusa da harafin "kha" na Larabci, daga maƙogwaro ake fito da shi.

Irin finafinan Indiya da muka saba gani ne?

A'a. Waɗanda muka saba da su yawanci na harshen Hindi ne daga Mumbai, sai na Telugu da Tamil da masu fassara suka cika kasuwa da su daga baya. Assam ma tana da nata finafinan rawa da waƙa da faɗa, kuma suna da masoya. Amma waɗanda ake magana a kansu a nan wani jinsi ne daban. Babu jarumin da zai kayar da mutum ashirin. Za ka ga uwa tana saƙa a tsakar gida, yaro yana kora akuya, malama tana shara a gindin bishiya kafin ta fara darasi. Yawancinsu kuɗi kaɗan aka kashe musu, kuma wasu daga cikin 'yan wasan ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba kafin ranar.

Yaushe aka fara yin fim da Asamiya?

A 1935 ne Jyoti Prasad Agarwala, mawaƙi kuma marubucin wasan kwaikwayo, ya fitar da Joymoti, labarin wata gimbiya ta zamanin daular Ahom, wadda ta mulki Assam kafin zuwan Turawa. A gonar shayin danginsa ta Bholaguri ya kafa wurin ɗaukar fim ɗin, kuma asara ya tafka. Yarinyar ƙauyen da ta fito a matsayin gimbiyar, Aideu Handique, ita ta fi kowa ɗanɗana kuɗarta: jama'arta suka ƙaurace mata saboda ta kira wani namiji "miji" a cikin fim, kuma har ta rasu a 2002 ba ta yi aure ba. Ina ganin ya dace a tuna da ita a nan, domin tun ranar farko wannan masana'anta a kan wuyan wata 'yar ƙauye ta tsaya.

Me ya sa yaron ƙauye da makaranta suke yawan fitowa a waɗannan finafinai?

Dalili na farko ruwa ne. Kowace damina, daga wajen Yuni zuwa Satumba, Brahmaputra da rassansa suna cika su batse. Gonaki su nutse, hanyoyi su yanke, makarantun da suka tsira su koma sansanin waɗanda ambaliya ta kora. Girgizar ƙasar 1950 ta ƙara dagula al'amarin, domin ta sauya kwanciyar kogin. Bayan ambaliya akwai zaizaya, wadda ta fi ta mugunta: ambaliya tana janyewa, amma ƙasar da kogi ya cinye ta tafi ke nan. Tsibirin Majuli ya daɗe yana ƙanƙancewa a kan idon mazaunansa. A irin wannan wuri, tambayar ko yaro zai je makaranta gobe takan koma tambayar ko akwai kwale-kwale, ko gadar gora ta tsaya. Mai shirya fim da ya tashi a nan ba sai ya ƙirƙiro wa labarinsa mugu ba.

Dalili na biyu harshe ne. Turawan Ingila sun karɓi Assam a 1826, kuma daga wajen 1836 har zuwa 1873 Bengali aka ɗora a makarantu da kotuna. Kusan shekara 40 yaron Assam yana karatu da harshen da ba na uwarsa ba. Mutanen jihar ba su manta da wannan ba, kuma a 1972 ma an yi babbar gwagwarmaya kan harshen da za a riƙa koyarwa da shi a kwalejoji. Saboda haka makarantar ƙauye mai koyarwa da Asamiya tana da wani matsayi a zuciyarsu da ya wuce na gini da benci.

Na uku kuwa, su kansu masu shirya finafinan da yawa malamai ne ko marubuta. Bhabendra Nath Saikia, ɗaya daga cikin manyansu, ya yi digirin digirgir a fannin fiziks a Landan, ya koyar a Jami'ar Gauhati, ya kuma daɗe yana editan wata mujallar yara mai suna Xofura. Wanda ya shafe shekaru yana rubuta wa yara ba zai ɗauki kyamara ya manta da su ba.

Wane fim ne ya fi tunkarar maganar makaranta kai tsaye?

Firingoti, na Jahnu Barua, wanda ya fito a 1992. Ma'anar sunan tartsatsi. Labarin yana faruwa ne a 1962, shekarar da Indiya da Sin suka gwabza yaƙi a kan iyaka. An tura Ritu, wata malama da mijinta ya rasu, zuwa wani lungun ƙauye mai suna Koronga. Da ta isa sai ta tarar makarantar ta ƙone shekaru da dama da suka wuce, kuma babu wanda ya damu ya sake gina ta. Mutane sun saba da rashinta, yara suna kiwo da aikin gona, rayuwa tana tafiya.

Abin da ya sa nake girmama fim ɗin shi ne bai mai da mutanen ƙauyen jahilai marasa tunani ba. Suna da hujjarsu: hannun yaro yana da amfani a gona, kuma an taɓa yi musu makaranta ta tafi a banza. Ritu ta bi su gida-gida, ta fara karatu a gindin bishiya, a hankali har aka tayar da gini. Daga nan sai matsalar ta ɓullo ta inda ba a zata ba. Wani ɗan garin da zaman birni bai karɓe shi ba ya dawo yana ganin shi ya fi cancanta da kujerar malanta, tunda shi ɗan ƙasa ne ita kuwa baƙuwa. Da bai samu yadda yake so ba, sai makarantar ta sake cin wuta. Bambancin wannan gobara da ta farko shi ne a wannan karon mutanen garin sun ji zafinta, suka ce za su sake ginawa. A nan ne ma'anar sunan take fitowa.

Moloya Goswami, wadda ta fito a matsayin Ritu, ita kanta malamar kwaleji ce, kuma ta sami lambar jarumar da ta fi kowa a gasar finafinai ta ƙasar Indiya saboda wannan rawa. Fim ɗin ya zo na biyu a dukan ƙasar a wannan shekara.

Shin finafinan suna nuna boko a matsayin maganin komai?

Ba sa yi, kuma wannan ne ya sa na ɗauke su da muhimmanci. Suna son ilimi, amma suna faɗin farashinsa.

Dubi Xagoroloi Bohudoor na 1995, shi ma na Jahnu Barua. Ma'anar sunan "teku na da nisa". Powal tsoho ne mai fito a kogin Dihing, sana'ar da ya gada kaka da kakanni. Yana zaune da jikansa maraya, Hkhuman, kuma babban burinsa shi ne yaron ya yi karatu, kada ya ƙare a kan kwale-kwale. Sai labari ya zo cewa gwamnati za ta gina gada. Ga kowa wannan ci gaba ne, ga Powal kuwa ƙarshen abincinsa ne. Yana da wani ɗa a birni, wanda ya yi karatu ya sami rufin asiri. Tsohon ya ɗauki jikansa suka je wurinsa, sai ya gane cewa gayyatar da aka yi masa ta filin gado ce, sa hannunsa ake nema a sayar.

Ka ga inda fim ɗin ya ajiye mu. Tsohon yana son jikansa ya bi hanyar da ɗansa ya bi, alhali yana gani da idonsa abin da hanyar ta mai da ɗan. Bai fasa son yaron ya yi karatu ba, domin ya san fito ya mutu. Duk iyayen da suka taɓa sayar da tunkiya suka tura yaro makaranta, ya dawo yana jin kunyar shigarsu, za su gane fuskar Powal ba tare da fassara ba. Barua ya sami lambar darakta mafi ƙwarewa ta ƙasa da wannan fim. Maganar gada kuwa ba tatsuniya ba ce a Assam: sai a 1962 aka sami gada ta farko a kan Brahmaputra, ta Saraighat, kuma manyan gadoji irin Dhola-Sadiya da Bogibeel sai 2017 da 2018 aka buɗe su.

Akwai kuma ɗaya gefen, wato abin da rashin takarda yake jawowa. A Halodhia Choraye Baodhan Khai na 1987, shi ma na Jahnu Barua, wanda aka ɗauko daga littafin Homen Borgohain, wani ƙaramin manomi ya rasa gonarsa a hannun mai dukiya saboda tsohuwar jingina da aka biya ba a karɓi rasit ba. Yana bin ofisoshi yana kashe abin da ba shi da shi, har ta kai ga ya sayar da dabbobinsa, ya tura ɗansa ƙarami aikatau. Sunan fim ɗin daga wata waƙar yara aka ɗauko shi, mai cewa tsuntsaye masu ruwan ɗorawa suna cinye shinkafa. Shi ne fim ɗin Asamiya na farko da ya zo na ɗaya a gasar ƙasa, ya kuma ciyo lambar Damisar Azurfa a bikin finafinai na Locarno na ƙasar Suwizalan a 1988.

Tun kafin waɗannan, Saikia ya yi Sandhyarag a 1977: 'yan mata biyu 'yan uwa da aka kai birni aikatau bayan rasuwar mahaifinsu. Sun girma a gidajen masu hali, sun koyi ɗabi'un birni, da suka isa aure aka mayar da su ƙauyen da ya riga ya zama baƙo gare su.

Village Rockstars ai labarin yarinya mai son jita ne. Ina ruwansa da ilimi?

Haka ne, a sama labarin wannan fim na Rima Das ke nan. Dhunu 'yar shekara 10 ce, tana zaune da mahaifiyarta da yayanta, mahaifinta ya rasu a ambaliya. Tana yawo da wasu yara maza, sun yanka jita da sauran kayan kiɗa daga farin soson nan mai tauri da ake samu a kwalin talabijin, suna kwaikwayon mawaƙa. Ita kuwa ta sa a ranta sai ta mallaki jita ta gaske. Tana hawa bishiyar tamul tana tsinko wa mutane 'ya'yanta don ta tara 'yan kuɗi. Tamul ɗin nan shi ne goronsu, da shi ake tarbar baƙo, da shi ake neman alfarma.

Makaranta tana cikin fim ɗin, ana ganin yaran da kayan makaranta suna ratsa fadamun shinkafa. Amma da ka natsu za ka ga cewa karatun da Dhunu take yi ya fi aji faɗi. Burin nata daga abin da ta karanta ya tsiro, daga littafin zane da guntun jarida. Wato iya karatu shi ya buɗe mata tagar da ta hango wata rayuwa. Sannan ga darasin da mahaifiyarta take ba ta: ta koya mata iyo, domin ruwa ne ya ci uban. Da matan gari suka fara surutu cewa yarinya tana hawa bishiya da maza, uwar ta tsaya mata. Lokacin da Dhunu ta fara ganin al'ada aka yi mata bikin da suke kira tuloni biya, aka killace ta na 'yan kwanaki, aka yi mata wanka da ado kamar amarya, aka nuna mata cewa ƙuruciya ta ƙare. Kallon yadda uwa take barin ƙofar a buɗe bayan wannan biki shi ne zuciyar fim ɗin a wurina.

Ambaliya ta zo a tsakiya, kuma ta gaske ce, ba ta kwamfuta ba. Shinkafa ta nutse, 'yan kuɗin da ake tarawa suka zama abin da za a yi tunani sau biyu a kansu.

Da gaske mace ɗaya ce ta yi kusan dukan aikin?

Da gaske ne. Rima Das 'yar ƙauyen Kalardiya ce, kusa da Chhaygaon a gundumar Kamrup. Ta yi digiri na biyu a fannin nazarin zaman jama'a a Pune, ta tafi Mumbai da niyyar zama 'yar wasa, abin bai yiwu ba, sai ta koya wa kanta harhaɗa fim ba tare da shiga makarantar fim ba. Tana aikin fim ɗinta na farko a ƙauyensu ta ci karo da wasu yara suna wasa da kayan kiɗan ƙarya, daga nan labarin ya samo asali. Ita ta rubuta, ta ba da umarni, ta riƙe kyamara, ta tace, ta kuma ɗauki nauyi. Ta shafe fiye da shekara uku tana ɗauka da ƙaramar kyamarar Canon, tana jiran haske da damina yadda manomi yake jira. 'Yan wasan mutanen ƙauyen ne, suna magana da karin harshen Kamrup, kuma Bhanita Das da ta fito a Dhunu 'yar uwarta ce.

An fara nuna shi a bikin finafinai na Toronto a Kanada a 2017. A 2018 ya zo na ɗaya a gasar ƙasa, shekara 30 bayan nasarar Jahnu Barua, ya haɗa da lambobin tacewa da ɗaukar sauti da ta yarinyar da ta fi iya wasa. Indiya ta tura shi gasar Oscar, karo na farko ga fim ɗin Asamiya, ko da yake bai shiga jerin ƙarshe ba. Kashi na biyu ya fito a 2024, Dhunu ta zama budurwa, ya kuma sami lambar Kim Jiseok a bikin Busan na Koriya ta Kudu.

Yaya suke nuna karatun 'ya mace?

Suna nuna cewa shi ne abu na farko da ake yankewa idan wani abu ya faru. A ƙidayar 2011 kimanin kashi 72 cikin 100 na mutanen Assam ne suka iya karatu da rubutu, mata kuwa kashi 66.

Bulbul Can Sing, wanda Rima Das ta fitar a 2018, shi ya fi taɓa wannan wuri. 'Yan mata biyu 'yan sakandare da abokinsu namiji da ake yi wa ba'a saboda yanayinsa. Wasu mazan gari suka kama 'yan matan tare da samarinsu, suka lakaɗa musu duka, labari ya bazu, makaranta ta kore su. Ɗayarsu ba ta iya ɗaukar abin kunyar ba. Mai kallo zai iya samun ra'ayinsa a kan abin da yaran suka yi, kuma ba na jin fim ɗin ya hana shi. Abin da yake tambaya shi ne me ya sa hukuncin ya faɗa kan karatun yarinya da ranta, masu dukan kuwa suka koma gida lafiya.

Bridge na Kripal Kalita, na 2020, ya koma kan ruwa: budurwa a ƙauyen da babu gada, wadda nauyin gida ya faɗo a kanta, ambaliya tana rushe abin da aka gina kowace shekara.

Akwai Musulmi a Assam? Suna fitowa a finafinan?

Akwai su da yawa, kimanin kashi 34 cikin 100 a ƙidayar 2011. Musulunci ya daɗe a can. Azan Fakir, wani malamin sufaye na ƙarni na 17, ya tsara waƙoƙin zikiri da Asamiya waɗanda har yau ake rerawa. A harkar fim ma, Abdul Majid ne ya ba da umarnin Chameli Memsaab na 1975, ɗaya daga cikin finafinan da aka fi so a jihar.

Amma gaskiya ita ce yawancin finafinan da na ambata a ƙauyukan Hindu suke faruwa. Yaran da suka fi kowa wahalar samun makaranta su ne suka fi ƙarancin fitowa: 'ya'yan mazauna tsibiran yashi na tsakiyar kogi da ake kira char, waɗanda akasarinsu Musulmi ne 'yan asalin Bengal, da 'ya'yan leburorin gonakin shayi, jikokin mutanen da Turawa suka kwaso daga tsakiyar Indiya a ƙarni na 19. Alifa na Deep Choudhury yana cikin 'yan kaɗan da suka waiwaye su, labarin yarinyar da kogi ya cinye ƙasar iyayenta suka koma zama a kan tsaunukan gefen Guwahati. Da wani karin Bengali aka yi shi, kuma ya sami lambar fim ɗin farko mafi kyau ta ƙasa. Wannan giɓi ne na gaske a masana'antar, kuma ina fatan 'ya'yan char da na gonakin shayi su ɗauki kyamara da kansu yadda Rima Das ta yi.

Gwamnatin Indiya ba ta ba da ilimi kyauta ba ne?

Tana bayarwa. Dokar 2009 ta wajabta ilimi kyauta ga yara daga shekara 6 zuwa 14, kuma tun 1995 akwai shirin ciyar da 'yan makaranta da rana. Waɗannan sun kawo yara da yawa aji. Sai dai doka ba ta tsayar da ruwa, kuma bayan shekara 14 ne yawancin gidaje suke fara lissafin ko yaro zai kai ga jarrabawar aji 10, wadda suke kira matric, ko zai kama aiki. Assam tana da wata daɗaɗɗiyar al'ada kuma, ta jama'ar gari su kafa makaranta da kansu, malamai su yi ta koyarwa shekara da shekaru babu albashin kirki suna jiran gwamnati ta karɓe ta. Har doka aka yi a 2011 don karɓar irin waɗannan makarantu. Wanda ya san wannan zai fi gane me ya sa kujerar malanta ta zama abin faɗa a Firingoti.

Za a iya kallonsu tare da yara?

Wasu. Tora na Jahnu Barua fim ɗin yara ne tsantsa, kan yarinya da rikicin fili tsakanin maƙwabta, kuma ya ci lambar fim ɗin yara ta ƙasa. Ishu na Utpal Borpujari, na 2017, shi ma don yara aka yi shi, yaro ne yake neman ceto wata 'yar uwarsu da aka yi wa ƙazafin maita. Matsala ce da ta yi ƙamari a jihar har majalisarta ta yi doka a kanta a 2015. Village Rockstars da Xagoroloi Bohudoor za a iya kallonsu da iyali, sai dai a shirya amsa tambaya kan bikin balaga.

Bulbul Can Sing na manya ne. Haka ma Konikar Ramdhenu na 2003, labarin yaron da ya bar ƙauye ya kama aiki a garejin kanikawa, maigidan ya nemi lalata shi, ya ƙare a gidan horon yara. Kothanodi na 2015 kuwa, ko da yake daga littafin tatsuniyoyin Lakshminath Bezbaroa aka ɗauko shi, har da ta kishiyar uwa mai azabtar da marainiya, yana da ban tsoro ƙwarai, kada sunan tatsuniya ya ruɗe ka.

Me ya sa suke tafiyar hawainiya?

Saboda haka ranar ƙauye take tafiya. Idan yaro zai yi tafiyar sa'a guda zuwa makaranta, darakta yana son ka ɗan ji tsawon hanyar a jikinka. Minti 15 na farko ne masu wuya ga wanda ya saba da faɗa da waƙa. Village Rockstars gaba ɗayansa bai kai sa'a ɗaya da rabi ba.

Akwai abin da ya haɗa su da finafinanmu na Hausa?

Matsayinsu ya yi kama. Dukansu masana'antu ne na harshen gida da suke rayuwa kusa da wata babbar masana'anta mai kuɗi da suna, kuma a gidajen silima na Assam finafinan Hindi sukan kwashe lokuta masu kyau. Inda suka sha bamban shi ne Kannywood ta ɗauki rawa da waƙa da soyayya daga Mumbai, masu shirya waɗannan finafinai na Assam kuwa, da suke cikin Indiyar kanta, suka juya wa salon baya suka koma ƙauyukansu. Muna da yaran da suke tsallaka ruwa zuwa makaranta a Hadejiya da bakin Neja, muna da 'yan aikatau da 'yan talla, kuma kyamarar da Rima Das ta yi aiki da ita ba ta fi ƙarfin matasanmu ba.

A ina zan same su, kuma da wanne zan fara?

An sa Village Rockstars da Bulbul Can Sing a Netflix, ko da yake abin da ake samu yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Akwai manhajar ReelDrama da ta keɓanta da finafinan Asamiya. Tsofaffin sukan ɓullo a YouTube da bukukuwan finafinai, sau da yawa hoton ya ɗan dusashe. Wajen nema a gwada rubutu iri biyu, domin Xagoroloi wasu sukan rubuta shi Hkhagoroloi ko Sagoroloi. Fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo yawanci ta Turanci ce, amma maganar da ke cikinsu kaɗan ce, wanda Turancinsa bai yi nisa ba ma zai bi labarin.

A fara da Village Rockstars, shi ya fi sauƙin samu da sauƙin shiga rai. Daga nan sai Xagoroloi Bohudoor. Malamin makaranta kuwa, musamman wanda aka taɓa turawa ƙauyen da bai san kowa ba, ya nemi Firingoti tukuna.